Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya Ta Jihar Sakkwato: A Bar Yaranmu Su Ƙera, Su Gwada, Su Gyara



Ranka shi daɗe, ina rubuto maka ne daga Dinawa, cikin ƙaramar hukumar Wurno. Na san takardun da suka cika teburinka galibi na rufin aji ne da iska ta kwashe, da kujeru, da ƙarin girma na malamai, kuma duk masu su suna da gaskiya. Tawa ta shafi darasi guda ne, na Kimiyya da Fasaha, da yadda ake koyar da shi a firamarenmu na Wurno da Rabah da Goronyo.

Ka san yadda abin yake. Malam ya shigo, ya rubuta ma'anar fasaha a allo da Turanci, ya jero sunayen injuna masu sauƙi, yara su maimaita da ƙarfi har maƙwabta su ji, su kwafe, a kaɗa ƙararrawa. Ranar jarrabawa wanda ya fi hadda shi ne ya zo na ɗaya. Amma da an tashi, waɗannan yaran su ne za ka gani a gindin bishiya sun baje karan dawa suna haɗa mota, sun yanko tayoyi daga tsohon silifa, sun lanƙwasa waya ta zama sitiyari. Idan taya ta karkace su cire su sake. Idan motar wani ta fi gudu, sauran su taru a kanta suna duba me ya yi daban. Ba wanda ya ba su maki, ba wanda ya tsaya kansu da bulala, kuma ba sa gajiya. Yaron da ake ce wa daƙiƙi a aji sau da yawa shi ne ogan wannan gareji. Abin da ke damuna shi ne makaranta ba ta san da wannan ilimin ba, shi ma yaron bai san abin da yake yi yana da alaƙa da abin da aka rubuta a allo ba.

Abin da nake roƙo shi ne a shigo da wannan aikin cikin aji, a ba shi tsari. Injiniyoyi suna da hanyar da suke bi idan matsala ta taso. Sukan fara da tambaya: mene ne ainihin damuwar, wa take damu, me muke da shi a hannu, me ba za mu iya tsallakewa ba? Sai su zauna su kawo dabaru da yawa ba tare da sun yi saurin kushe ko ɗaya ba. Sai su zaɓi guda su zana ta, su lissafa kayan da za ta ci. Sai su haɗa, su gwada, su auna. Inda ta gaza su koma su gyara, su sake gwadawa. A Amurka, jihar Masacusets ta sa wannan cikin manhajar makarantunta a 2001, sannan a 2003 gidan adana kayan kimiyya na birnin Bostan ya fara wani shiri na koyar da shi ga 'yan firamare, inda aka taƙaita shi zuwa matakai biyar da yaro ɗan shekara bakwai zai iya riƙewa. Koyarwa ta hanyar ba yara aiki guda su bi shi har ƙarshe kuwa ta girme wannan nesa ba kusa ba, don tun 1918 wani malamin tarbiyya mai suna William Kilpatrick ya yi rubutu a kanta.

Na kawo waɗannan sunaye ne don kada a ce zancen ƙauye ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga hanyar da idonsa. Manomi ya kawo garma ya ce tana cin ƙasa da yawa, shanu na wahala. Maƙeri ya tambaye shi irin ƙasar gonar, jigawa ce ko laka, ya ɗan sauya lanƙwasar bakin, ya ce je ka gwada ka dawo. Haka magina suke da azara da bakan gizo, tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Abin da makaranta za ta ƙara a kan wannan gado abu uku ne da ba a cika samu a maƙera ba: awo da lamba, rubuta abin da aka gani, da gwada abu biyu gefe da gefe a sauya abu ɗaya tak a tsakaninsu. Wanda ya iya waɗannan ukun yana da shekara goma sha ɗaya, ko noma ya koma, nomansa ba zai zama irin na wanda bai iya ba.

Akwai mutumin da ya kamata kowane malamin firamare a Arewa ya san labarinsa, marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa da ke Dutse. Daga gidan maginan tukwane ya fito. Ya ga kayan lambu na ruɓewa a hannun manoma saboda zafi da rashin lantarki, sai ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautarsa ta ƙirƙira a kan wannan. Babu waya a ciki, babu batir, babu abin da ba a samu a kasuwar Wurno.

Bari in nuna maka yadda wannan zai zama aikin aji biyar, don kada maganar ta tsaya a sama. Malam ba zai shigo ya ce yau za mu haɗa tukunyar Bah Abba ba. In ya yi haka ya kashe darasin tun kafin a fara, ya mayar da shi kwafe da hannu maimakon kwafe da biro. Zai fara da aika yaran gida da tambaya: idan an sayo tumatir ko alayyafo, kwana nawa yake yi kafin ya lalace, kuma me iya ko inna ke yi don ya daɗe? Washegari amsoshi za su zo kala-kala, a rubuta su a allo da sunan wanda ya kawo. Daga nan a raba aji ƙungiya-ƙungiya, a ce ga sharaɗi: ba lantarki, ba sayen ƙanƙara, kayan da za a yi amfani da su su zama na garin nan. Wasu za su ce a haƙa rami a inuwa. Wasu su ce a nannaɗe kwando da jiƙaƙƙen buhu. Wata yarinya za ta tuna randar gidansu. Kowace ƙungiya ta zana tata dabarar a littafi kafin ta taɓa ƙasa, kuma wannan zanen shi ne wurin da yara suka fi ƙi, domin hannunsu ƙaiƙayi yake su fara. Dole a tsaya a kansa.

Sai gwaji. A sa tumatir iri ɗaya, yawa ɗaya, a kowace dabara, a ajiye wasu a fili a bakin taga don a san abin da ake gwadawa da shi. Kullum da safe da kuma kafin tashi, a sa ma'aunin zafi, a rubuta lamba, a duba fatar tumatirin. A nan ne abubuwa za su fara ɓaci, kuma ɓacin shi ne ake nema. Ƙungiyar da ta sa ƙaramar tukunya cikin bokitin roba za ta ga babu sanyi, domin roba ba ta tsattsafar da ruwa. Wadda ta yi amfani da laka maimakon yashi za ta ga ta daskare ta tsage. Wadda ta tura tukunyarta lungu inda iska ba ta kaiwa za ta ga lambarta ta fi ta waɗanda suka ajiye a inuwa mai iska. Wadda ta manta ba ta jiƙa yashi ranar Alhamis ba, za ta zo ta tarar da sakamakon. Malam ba ya faɗa musu dalili, tambaya yake yi: me ya bambanta taku da tasu? Me za ku sauya, abu ɗaya kawai? A mako na biyu a sake haɗawa. Cikin wannan aikin yara sun yi lissafi, sun ja jadawali, sun rubuta rahoto, sun tsaya gaban aji sun kare ra'ayinsu, sun kuma gane bushewar ruwa ganewar da ba ta buƙatar hadda. In aka maimaita gwajin da damina za su ga tukunyar ba ta sanyi kamar da rani, saboda iska ta riga ta jiƙe. Wannan ma darasi ne babba, cewa kowace dabara tana da lokacinta da iyakarta, kuma manya da yawa masu digiri ba su koye shi ba.

Ƙasarmu ba ta rasa matsalolin da za a ba yara. Muna zaune ne a ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan ayyukan injiniya na Arewa maso Yamma. Madatsar Goronyo da ke kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, an gina ta ne ta riƙe ruwa sama da cubic mita miliyan 900 a lissafin masana, kuma da ita birnin Sakkwato ke sha, da ita fadamunmu ke noman rani. Mun ga fuskokinta biyu. A damunar 2010 ruwa ya yi ambaliya ya cinye garuruwa da gonaki daga Goronyo har Sakkwato, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma aka wayi gari hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima na cewa abin da ya rage a madatsar bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Mutanen Wurno kuma ba sai an ba su labarin abin da ambaliya ta yi wa madatsar Lugu da noman rani na yankin ba. Duk da haka, tambayi ɗan aji shida me ya sa ake buɗe ƙofofin madatsa idan ta cika, ka ji shiru, ko ya ce maka mugunta ce ta ma'aikata. A tona ɗan kwari a filin makaranta, a ba kowace ƙungiya yashi da laka da tsakuwa, a ce su tare ruwan bokiti biyar. Ta farko za ta fashe ta sama da zarar ruwa ya haye ta. Ba za a yi gwaji uku ba wani yaro zai ce a buɗe wa ruwan hanya ta gefe. Ranar ya gano mafitar ruwa da kansa, kuma ya fahimci abin da ke faruwa a Goronyo fiye da yadda rediyo zai gaya masa.

Ga albasa da tafarnuwa, waɗanda yankin nan ya yi suna da su, da asarar da ake tafkawa wurin ajiya. Yara na iya haɗa ƙananan rudu iri biyu ko uku, wani a ɗage daga ƙasa, wani da ramukan iska da yawa, su riƙa ƙirga wadda ta ruɓe kowane mako. Ga ban-ruwa: kakanninsu da jigo suka yi, iyayensu da injin fetur, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kanikawan Arewa suka shiga juya injuna zuwa gas, masu hali suka koma sola. Jigo shi ne darasin nan na injuna masu sauƙi da ake rubutawa a allo, yana tsaye a bakin rijiya ba wanda ya gabatar da su.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, ranka shi daɗe, kuma shi ya sa wasiƙar ta zo gare ka maimakon hedimasta. Mun taɓa samun abin da ake kira aikin hannu. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san inda ya ƙare: ƙarshen zango kowane yaro ya kawo tsintsiya ko mafici da aka sayo a kasuwa, daga baya ma aka ce a kawo kuɗin kawai. Muna kuma da bikin baje kolin kimiyya, inda akan kai wa mai walda aiki ya haɗa jirgi mai kyau, a fenta, a tsayar da yaro mai baki kusa da shi ya haddace bayani, manyan baƙi su tafa. Idan wannan tsarin ya zo da takardar umarni kawai, nan zai nufa cikin shekara guda. Maganinsa yana wurin bayar da maki. A ba da makin a kan littafin aikin yaro, wanda ke nuna zanen farko, lambobin da ya auna, inda abin ya gaza, da abin da ya sauya. Ƙungiyar da madatsarta ta fashe sau biyu ta rubuta dalili ta gyara, ta fi wadda tata ta tsaya da sa'a ba ta san me ya sa ba. Sufeton da zai zo duba aiki shi ma littafin zai nema, ya ɗauki yaro ɗaya daga bayan aji ya tambaye shi me ya lalace a gwajin farko. Aikin da mai walda ya yi ba ya da amsar wannan tambaya.

Sannan a ajiye bulala a wannan darasin. Yaron da ya san duka ne ladan kuskure ba zai kawo sabuwar dabara ba, zai leƙa na kusa da shi ya kwafa. Ai sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwaji ba ya yiwuwa ga wanda gabansa ke faɗuwa.

Malamanmu ba su da laifi a kan abin da ba a koya musu ba. Yawancinsu su ma da hadda aka rene su, kuma ba ƙaramin abu ba ne malami ya tsaya gaban yara ya ce ban sani ba, mu gwada mu gani. Horon da suke buƙata ba na zama a otal a saurari lacca a karɓi kuɗin mota ba ne. A kai su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, a raba su ƙungiyoyi, a ba su kara da igiya a ce su haɗa gadar da za ta ɗauki bulo, ta karye a hannunsu, su gyara. Wanda ya ɗanɗana wannan zai iya koyar da shi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke jami'ar Ɗanfodiyo ta shafe shekaru tun 1982 tana aiki a kan murhun hasken rana da na'urar busar da kayan gona da murhu mai tsimin itace, kuma ban ga abin da zai hana masananta su zauna da malaman firamare su fitar da ayyuka biyar ko shida da suka dace da yankin nan ba. A rubuta jagorar da Hausa. A bar yara su yi muhawarar da Hausa, ko da Fulfulde inda ita ce ta gida, sannan a ba su sunayen Turanci bayan sun ga abin da idonsu. Yaro ba ya gardama a kan dalilin fashewar madatsa da harshen da bai wuce "yes sa" a cikinsa ba.

Za a ce aji mai yara tamanin ba ya wannan. Ina ganin shi ya fi buƙata, don a irin wannan ajin na baya ba ya ma jin muryar malam, alhali a ƙungiya ta mutum takwas kowa yana da abin riƙewa: mai awo, mai rubutu, mai zane, mai haɗawa. Sai dai a riƙa juya waɗannan ayyuka, in ba haka ba maza za su ƙwace guduma su bar wa mata rubutu da ɗebo ruwa. Yarinyar da ke hura wuta kullum ta fi kowa a ajin sanin yadda iska ke shiga murhu. Idan aikin zangon murhu ne mai cin itace kaɗan, ita ce ya kamata ta ja gaba, kuma uban da ya ga 'yarsa ta dawo da abin da ya rage masa kuɗin itace zai sake tunani kafin ya cire ta daga makaranta.

Ban manta da halin da muke ciki ba. Akwai garuruwa a Rabah da Goronyo da Wurno da 'yan bindiga suka tayar, akwai makarantun da suka zama masaukin 'yan gudun hijira, akwai malaman da ba sa iya kwana inda aka tura su. Wani zai ce a bari sai ƙura ta lafa. Yaron da ke aji huɗu yau ba zai jira ba, shekara biyu ce ta rage masa, kuma da yawa daga cikinsu daga firamare karatun ya ƙare. Wannan aikin kuma ba ya son ɗakin gwaji ko kwamfuta. Ana yin sa a gindin darbejiya.

A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. A littafinsa Usulus Siyasa ya sa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, cikin haƙƙin da ke kan shugaba, har ya so a tabbatar kowane gari yana da nasa. Sardauna Ahmadu Bello ɗan Rabah ne, kuma da alli ya fara aiki a makarantar Midil ta Sakkwato kafin a ba shi hakimcin Rabah a 1934. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a Sakkwato ya yi firamare da sakandare. Ba na cewa kowane mai motar kara zai kai inda Jelani ya kai. Mafi yawansu nan za su zauna, su ne za su gyara famfon burtsatse idan ya tsaya, su ne za su yanke shawarar inda za a bi da magudanar ruwa a unguwa. Su nake tunani.

Tun 2015 jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma tun dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuɗin da ke zuwa daga Abuja yana da kason horar da malamai da na kayan koyarwa. Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabon darasi a manhaja. A zaɓi makarantu kaɗan, ko uku-uku ne a kowace ƙaramar hukuma ta ukun nan, a fara da aji huɗu zuwa shida. A haɗe musu darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, domin minti talatin da biyar ba ya isar kwaɓa laka balle gwaji. Aiki ɗaya a kowane zango ya isa. A ba kowace makaranta ma'aunin zafi da tef ɗin awo da sikeli da littattafan aiki, ɗan kuɗin tukwane da igiya kuma ya bi ta hannun kwamitin kula da makaranta na gari, a kafe lissafinsa a ƙofar ofishin hedimasta. Kada a ba ɗan kwangila, zai kawo akwatunan roba daga Cana waɗanda za a kulle a sito don kada su ɓace. A gayyaci maƙerin gari da maginiyar tukwane da bakaniken injin ban-ruwa su shigo aji, a zaunar da su a kujera, a sallame su da abin goro kamar yadda ake yi wa kowane baƙon malami.

Idan za a fara, zango na biyu ya fi, daga Janairu, lokacin da iska ta bushe kuma tumatir ya yi araha. Hakan na nufin horon malamai ya kamata ya gudana a hutun Disamba, takardar izinin sauya jadawali kuma ta isa hannun sakatarorin ilimi na Wurno da Rabah da Goronyo kafin nan. Ina roƙon a sa Dinawa cikin makarantun farko.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka.

Wassalam.

Naka,
Wani uba daga Dinawa, ƙaramar hukumar Wurno